An ƙara wa babur doki, wa ya ƙara masa linzami?

Duk mazaunin Madawa ko Buza ko Keita ya san wannan ƙarar. Babur ne ƙarami irin wanda kowa ke hawa, amma idan ya taho daga nesa sai ka rantse babbar mota ce ta ƙwace wa direba. Yaron da ke kansa bai wuce shekara 16 ko 17 ba, babu hular kwano, ga abokai biyu a baya. Abin ya fi yawa idan an sayar da albasar fadamar Tarka kuɗi sun shigo gari, ko kuma 'yan ci-rani sun dawo daga Abijan ko Legas ko Libiya da ɗan abin hannu. Uba ya saya wa ɗansa babur don zuwa makaranta da kai saƙo kasuwa. Kafin wata ya zagayo, babur ɗin ya kwana biyu a gareji, ya fito da wata murya daban.

Iyaye da yawa ba su san abin da ake yi a cikin waɗannan kwana biyun ba. Yawancin baburan da ke yankinmu injinsu cc 110 ne ko 125, ƙarfinsu bai fi doki goma ko sha ɗaya ba. Abin da samari ke nema a wurin bakanike shi ne a cire bulo da fistin a sa waɗanda suka fi girma, ko a sauke injin gaba ɗaya a ɗora na cc 150 ko 200. A buɗe wa kafireta maƙogwaro don ta riƙa zuƙar mai da yawa, a huda salansa ko a yanke ta, sannan a canja faifan haƙoran da sarƙa ke hawa don gudu ya ƙaru. Ka duba wannan jerin da kyau. Babu birki a ciki, babu taya, babu ƙarfen da ke riƙe da injin. Duk waɗannan suna nan yadda kamfani ya auna su don ƙaramin inji.

Ra'ayina a nan a fili yake: uban da ya bari aka yi wa babur ɗin ɗansa wannan aiki, ya ɗora yaro ne a kan ingarma da linzamin da ya ruɓe. Kakanninmu da suka san doki ba su taɓa yin haka ba. Yaro yakan fara da jaki, ya koma kan doki mai sanyin hali, sai an ga hannunsa ya faɗa kafin a ba shi wanda ke tsalle. Har yau ma da doki ake auna ƙarfin inji, amma mun riƙe sunan mun yar da hikimar.

Malaman kimiyya na makarantunmu sun san lissafin, domin yana cikin darasin da suke koyarwa. Ƙarfin karo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karon ninkawa huɗu yake yi, haka ma tsawon filin da birki ke buƙata kafin ya tsayar da babur. Mai gudun kilomita 40 a awa yana cinye mita 11 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 80 yana cinye mita 22. Daga lokacin da ido ya ga akuya ta shigo hanya zuwa lokacin da ƙafa za ta taka birki, aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce. Idan birki na buƙatar mita 10 a gudun 40, to a gudun 80 mita 40 yake buƙata. Ka haɗa: na farko ya tsaya a mita 21, na biyu sai ya kai mita 62. Wannan a kan kwalta ke nan mai kyau. A kan jar hanya mai tsakuwa ko yashi, irin wadda ta fi yawa tsakanin ƙauyukanmu, lissafin ya fi haka muni.

Ga wani awon da kowane ɗan Adar zai gane. Wanda ya bugi bango ko mota yana gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗa busasshiyar rijiya mai zurfin mita 10. A gudun 80, zurfin rijiyar ya kai mita 25. Babu uwar da za ta ga ɗanta yana wasa a bakin irin wannan rijiya ta yi shiru. Amma kullum yana wucewa ta ƙofar gida a kan babur, ana cewa yaro ya iya tuƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato 'ya'yanmu da ɗalibanmu. Nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa ababen hawanta sun fi na kowa ƙaranci. Hukumar ta kuma nuna cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100. A nan gida, kowa ya san tazarar da ke tsakanin ƙauyen da ke bayan Buza da ɗakin tiyata. Kafin a samo mota a kai yaro asibitin Galmi ko na Tawa, wanda kansa ya bugu sau da yawa lokaci ya riga ya ƙure masa.

Mu mutanen tudu ne, amma akwai darasi a wurin masu jirgin ruwa, domin su ma wannan jarabar ta ƙara inji tana damunsu. A Amurka, doka ta wajabta wa mai ƙera ƙaramin jirgi mai inji, wanda bai kai ƙafa 20 ba, wato kamar mita 6, ya manna masa wani ɗan allo. A jikin allon an rubuta yawan mutanen da zai ɗauka, da nauyin kaya, da iyakar ƙarfin injin da za a iya ɗaura masa. Dalilin shi ne babban inji yana da nauyi, yana danne bayan jirgi har ruwa ya riƙa shiga, yana iya tsaga katakon da aka ɗaura shi a kai, kuma a wurin juyawa yana iya kifar da jirgin. Wato sun yarda cewa kowane abin hawa yana da iyaka, kuma gangar jikinsa ce ke yanke iyakar. Mun ga abin da tsallake iyaka ke jawowa a ranar 30 ga Nuwamba 2021 a Bagwai ta jihar Kano, inda jirgi ya kife da fasinjoji, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu. Abin da hukumomi suka ɗora wa laifi shi ne lodi fiye da ƙima. Babur ma yana da irin wannan iyakar, tana rubuce a ɗan littafin da ke zuwa da shi, wanda ake jefarwa tare da kwali. Kuma da zarar inji ya ƙara ƙarfi, sai mai shi ya ga ai zai iya ɗaukar mutum huɗu, ya manta cewa birkin na mutum biyu ne.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ƙasarmu ta duwatsu ce da ƙoramu. Wanda ya taɓa hawan tudun Buza da buhu biyu na albasa a baya, ko ya ratsa yashin ƙorama da mai naƙuda, ya san ƙaramin inji yana wahala. Babur a ƙauyukanmu shi ne jaki, shi ne motar asibiti, shi ne jarin ɗan kabu-kabu. To amma akwai bambanci tsakanin ƙarfin ja da ƙarfin gudu, kuma kowane bakanike ya san shi. Mai son babur ya hau tudu da kaya, faifan haƙora na baya ake ƙara wa girma: ja ya ƙaru, gudu ya ragu, kuɗin ma kaɗan ne. Abin da samari ke yi akasin haka ne, suna rage faifan don allura ta haura. Wanda kuma aikinsa ya fi ƙarfin ƙaramin babur, sai ya tara ya sayi wanda aka ƙera da babban inji tun daga kamfani, da birkinsa da tayarsa daidai da shi, ko ya nemi mai ƙafa uku. A tuna kuma duk tudun da aka hau sai an gangaro shi. Birkin ganga idan ya yi zafi a doguwar gangara da kaya, kamawarsa raguwa take yi.

Ko ta fuskar aljihu ma cinikin asara ne. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Injin da aka matsa wa fiye da yadda aka tsara shi yana shan mai da yawa, yana cin sarƙa, yana saurin ƙonewa. Kuɗin albasar da aka yi wata huɗu ana ban-ruwa kafin a same su, sai su ƙare a gareji.

A ƙasashen Tarayyar Turai, hawa-hawa ake ba da lasin babur. Ɗan shekara 16 ba ya wuce cc 125. A shekara 18 a ba shi matsakaici, babba kuwa sai ya kai 24, ko ya yi shekara biyu yana hawan matsakaicin. A Faransa, buɗe wa ƙaramin babur inji don ya wuce gudun da aka ƙayyade masa laifi ne da ake cin tara a kansa. Tsarin jaki kafin ingarma ke nan, sun mai da shi doka. Mu a nan jandarma ba zai kwance inji a bakin hanya ya auna fistin ba. Saboda haka aikin ya dawo gida da makaranta.

Ga uba, abin ba shi da wuya. Kai ka sayi babur, kai ke da iko da makullinsa. Idan ƙararsa ta canja, ka tambaya. Ka je wurin bakanike da ƙafarka ka gaya masa kada ya taɓa injin sai da saninka. A garuruwa irin namu, inda kowa ya san kowa, wannan magana tana da nauyi. Ranar da za ka sayi babur ka haɗa da hular kwano, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Iyaye mata kuma su ne suka fi kowa jin labarin wanda ya yi tsere da wa, da wanda ya ɗaga tayar gaba ranar rakiyar amarya. Kada a rufa wa yaro asiri a kan wannan. Kuma mu daina tafa wa masu wasa da babur a wurin biki, domin tafin nan shi ne ladan da suke nema.

Ga malamai, kuna da abin da iyaye ba su da shi: allo da fili. Ku fitar da ɗalibai filin makaranta da igiyar awo, a auna mita 21 a kafa dutse, a auna mita 62 a kafa wani, a tsayar da ƙaramin yaro a tsakani, a tambaye su wane babur ne zai taka shi. Darasin minti 20 ne, kuma zai zauna a kansu fiye da wa'azin shekara. Shugaban makaranta da kwamitin COGES suna iya yanke cewa babur mai hudajjiyar salansa ba ya shiga harabar makaranta, ɗalibin da ya zo babu hular kwano kuma a kira mahaifinsa. Wannan ba ya buƙatar kuɗi ko izini daga Yamai.

Idan abu ya faru, mukan taru a zaure mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma daidai ne a yi wa mai rashi ta'aziyya da abin da zai sanyaya masa zuciya. Amma kafin ranar, akwai ranar da aka kai babur gareji, akwai wanda ya ba da kuɗin, akwai waɗanda suka ji ƙarar suka kau da kai. A wannan ranar ce muke da ta cewa. Kakar albasa mai zuwa, idan yaro ya zo da maganar ƙara inji, a fara tambayarsa birkin da zai tsayar da shi. Allah ya tsare mana zuri'a.