Kun sayar mana da mota, kun ce taya ba taku ba ce

Ƴan uwa, yau maganar taya na zo da ita. Na san wani zai ce ƙasa na fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, wannan kuma ya zo mana da zancen roba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sannan ku yanke hukunci.

Kawuna ɗan kasuwa ne a Maraɗi. Shekara ashirin yana hawan motocin okaziyon, rabin ribarsa a garaji take ƙarewa. Bara ya ce ya gaji. Ya tattara abin da ya tara, ya cika da bashin banki, ya je Yamai ya sayo mota sabuwa dal, ko ledar kujeru ba a cire ba. Ranar da ya shigo da ita unguwa har guɗa aka yi. Tafiyarsa ba ta wuce Maraɗi zuwa Damagaram, jefi-jefi Konni, duk bisa kwalta. Wata 11 da saye, motar ta yi kilomita 17,000 da ƴan kai, wani mai faci ya duƙa zai ƙara masa iska, ya shafa tayar gaba ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ai ta gama aiki." Tayoyin gaba biyu, gefen ciki ya shafe sumul kamar tafin hannu. Na baya ma sun kama hanya.

Ni na raka shi inda ya sayi motar, tafiyar sama da kilomita 600. An ba mu kujera, an ba mu ruwan sanyi, sannan aka ba mu amsa uku. Ta farko: taya ba ta cikin garanti, kayan cinyewa ce. Ta biyu: in kuna da ƙorafi ku nemi kamfanin da ya yi tayar. Ta uku, da murmushi: "Alhaji, kai ma ka san hanyoyinmu." Kawu ya yi shiru, ya ce to Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni kuwa na kasa haɗiye ta, shi ya sa nake son mu bi amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya.

Sun ce taya kayan cinyewa ce. Gaskiya ne, babu mai musu. Takalmi ma kayan cinyewa ne, amma in ka sayi sabo ranar jajibirin Sallah, ƙasansa ya huje kafin a gama yawon Sallah, ai komawa za ka yi wurin mai shago. Abin tambaya shi ne cikin wane lokaci ya kamata ta cinye, kuma wannan ne ba wanda ya yarda ya rubuta maka a takarda.

Akwai abin da ba a faɗa wa mai saye. Tayar da ke zuwa da sabuwar mota, mai ƙera motar ne ke ba da odarta yadda yake so. Abin da ya fi damunsa shi ne motar ta yi laushi, kada ta yi ƙara, kuma ta nuna ƙarancin shan mai a gwajin da hukumomi ke yi. Waɗannan su ne ke sayar da mota ranar da ka zauna cikinta ka zagaya. Daɗewar taya kuwa ba a ganinta ranar ciniki, sai bayan kuɗi sun shiga aljihu. A Turai tun 2012 doka ta tilasta a manna wa sabuwar taya takardar da ke nuna abu uku: shan mai, riƙon hanya cikin ruwa, da ƙara. Ku duba da kyau, babu kilomita nawa za ta yi. Abin da ya fi damun talakan da zai biya kuɗin canji, shi ne babu a takardar.

Sannan taya tana magana ga wanda ya iya karatunta. In tsakiyarta ya riga gefe cinyewa, iska ta yi yawa. In gefe biyu suka cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. In gefe guda ne kawai ya shafe, kamar na Kawu, saitin ƙafafun motar ne ya kauce. Wa ke da alhakin duba wannan saitin kafin a miƙa makulli? Sababbin motoci sukan baro masana'anta da iska fiye da ƙima, don kada tayar ta lotsa wajen doguwar tsayuwa a jirgin ruwa da tashar ruwa. Aikin mai sayarwa ne ya rage iskar, ya duba komai, kafin ya ce ga motarka. Mun ce a nuna mana takardar da ta nuna an yi wannan binciken. Ba a nuna ba. Kawu ya kai motar garajinsu sau biyu an yi mata bidanj, ya biya kuɗi lakadan, ba wanda ya ce masa Alhaji tayarka na cin gefe. Yaron da ke faci a bakin titi ya gani da tafin hannunsa, su masu na'ura ba su gani ba?

Akwai kuma ranar haihuwar taya. A jikin kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3522, an yi ta a sati na 35 na shekarar 2022. Da muka karanta na Kawu, sai muka tarar tayoyin sun haura shekara biyu a duniya kafin ranar da ya biya kuɗin "sabuwar" motarsa. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, balle a bar ta a fili cikin ranar Sahel. Tana bushewa, tana tsattsagewa. An sayar masa da mota sabuwa bisa ƙafafun da suka riga suka fara tsufa, kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya masa.

Amsa ta biyu, wai mu nemi kamfanin taya. Subhanallahi! Kawu bai taɓa ciniki da kamfanin taya ba. Faktir guda aka ba shi, kuɗi guda ya biya, ba a ce ga kuɗin inji ga kuɗin taya ba. Ranar karɓar kuɗi mota guda ce. Ranar ƙorafi ta zama gunduwa-gunduwa, kowane yanki da ubangidansa a wata nahiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku je kasuwar dabbobi ta kowane gari a ƙasar nan. In aka sayar maka da sa, ka kai gida ka tarar da aibin da aka ɓoye maka, dillalin da ya ci la'ada shi za ka kama, kuma sarkin kasuwa zai tsaya maka. Ba mai ce maka je ka nemi Bafulatanin da ya yi kiwonsa a daji. Abin da kakanninmu suka warware ƙarƙashin bishiya, shi ne yau masu ofis mai sanyi suke ce mana ba zai yiwu ba. In akwai magana tsakanin mai sayar da mota da mai yin taya, su je su yi ta tsakaninsu. Su ke da lambar juna.

Amsa ta uku, hanyoyinmu. A nan zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa mu: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna lodin da ya fi ƙarfin mota. Da yawanmu ba mu taɓa karanta ƴar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ba, wadda ke faɗin yawan iskar da ta dace, sai dai a buga taya da ƙafa a ce ta yi. Ramuka na nan, kuma rami guda yana iya kautar da saiti. Duk na yarda. Amma mai sayar da motar a wace ƙasa yake zaune? Shi ma wannan kwaltar yake bi. A talla ana nuna mana mota tana keta rairayi tana hawa dutse, ana cewa don ƙasa irin tamu aka yi ta. Ranar biya ba wanda ya ce "Alhaji, ka sani tayar nan ba za ta jure hanyar Damagaram ba." In hanyarmu ce matsala, to a kawo tayar da ta dace da hanyarmu, ko a faɗa mana gaskiya kafin mu sa hannu. Tayoyi da yawa suna ɗauke da harafin da ke nuna jurewar zafi, A ko B ko C, kuma A ce ta fi juriya. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, wa ke duba wannan harafin kafin kaya su shigo?

Kada wani ya ce tayar da ta fito daga masana'anta ba ta kuskure. A watan Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu waɗanda aka ɗaura wa motar Ford Explorer tun daga masana'anta. Matsalar can ta fi ta Kawu muni, domin bayan tayar ne ke ɓarewa ana cikin gudu, mota ta kife. Mutum sama da 200 suka rasa rayukansu. Abin lura gare mu shi ne a wurare masu zafi aibin ya fi bayyana, har an riga an canza tayoyin a Saudiyya tun 1999. Bayan abin ya fashe, majalisar Amurka ta yi doka a shekarar, kuma daga cikinta ne aka tilasta sa na'urar da ke gargaɗin direba in iska ta ragu. Zafi shi ke fara tona asirin taya, mu kuwa cikin zafin muke kwana muke tashi. Can an kira shugabannin kamfani gaban majalisa. Nan an ba mu ruwan sanyi.

To kai da ba ka da ko keke, mene ne naka a ciki? Naka ya fi na Kawu. Motar ɗaukar marasa lafiya da aka saya da kuɗin harajinka, da irin wannan tayar ta zo. In ta cinye kafin lokaci, daga aljihun ƙasa za a sake biya, ko kuma a bar ta a haka ta ɗauki mai naƙuda. Abokinka da ya karɓi sabon adaidaita ko babur na kabu-kabu bisa biya kaɗan-kaɗan, shi ma amsar nan za a ba shi. Kuma ka san abin da mai bashi a wuya yake yi in taya huɗu suka mutu masa lokaci guda: ya nufi wurin masu tayar okaziyon, ya sayi wadda wani ya riga ya cire ya yar a wata ƙasa. A Turai in zanen taya ya gaza milimita 1.6 doka ta hana hawa da ita. A nan sai zare ya fito ake fara shawara. Ranar da ta fashe tsakanin Tasawa da Takeita da ƙarfe biyu na rana, waɗanda ke cikin motar mu ne, da iyayenmu, da ƙannenmu masu komawa makaranta. Sai a ce ƙaddara. Mun yarda da ƙaddara, amma sakaci yana da mai shi.

Tun 2015 Nijar take da dokar kare haƙƙin masu saye. Muna da hukumar kula da ingancin kaya, muna da ta kiyaye haɗurran hanya. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba:

1. Duk mai sayar da sabon abin hawa ya rubuta a faktir sunan taya da ranar da aka yi ta, har da ta sekur.
2. A ba mai saye takarda mai sa hannu cewa an duba iska da saitin ƙafafu kafin miƙa makulli.
3. A rubuta garantin taya ƙarara, wata nawa ko kilomita nawa, kuma wanda ya karɓi kuɗin shi zai amsa ƙorafi a nan cikin ƙasa.
4. A sa ƙa'idar jurewar zafi da ta shekaru ga duk tayar da za ta shigo, sabuwa ko okaziyon.

Kafin a kai can, mu ma mu yi namu. Ka auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi. Ka juya na gaba zuwa baya kusan kowane kilomita 10,000. Ka ɗauki hoton tayoyinka da lambar kilomita ranar saye, ka adana kowace takardar garaji. Ƙorafi kuma a rubuce, ka riƙe kwafi, domin maganar baki iska ke tafiya da ita.

Haka muka yi wa Kawu. Na rubuta wasiƙa, muka haɗa hotuna da takardun bidanj. Bayan sati uku aka kira shi, aka gyara saitin kyauta, aka rage masa wani abu a kuɗin taya biyu. Da za mu fito sai aka ce masa, "Alhaji, alfarma ce muka yi maka." Kawu ya yi godiya har da addu'a. Ni wannan kalmar ce ta fi ƙona mini rai, domin mutum ya biya miliyoyi, an mayar masa da guntun haƙƙinsa, kuma an sa shi godiya.

Gobe in za ka shiga mota a tasha, kafin ka miƙa jakarka, duƙa ka dubi taya. Karanta lambobi huɗun nan, ka shafa zanen da hannunka. In ta shafe, ka faɗa da ƙarfi yadda sauran fasinja za su ji. Direba zai ɓata rai, ƙila a ce ka cika iyayi. Bar su su faɗa, ranka ne bisa robar nan.