FILIN WASANNI: Stu Hart Da Cinikin Da Ya Cinye Gidansa

Duk inda aka taru ana kallon kokawar Turawa, wadda samari ke kira resilin, ba a rasa wanda zai taɓe baki ya ce ai duk shiri ne, an riga an san mai yin kaye tun kafin a kaɗa ƙararrawa. To, gaskiyarsa. Masu sana'ar da kansu sun daɗe da amsa haka, domin a 1989 kamfanin WWF ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey ta Amurka cewa abin da yake yi nishaɗi ne. Sai dai mai taɓe bakin bai cika tambayar wa ke tsara shirin ba, balle ya tambayi wa ke biyan kuɗinsa da ƙashin bayansa. Wannan tambaya ce ta sa yau za mu leƙa yammacin ƙasar Kanada, gidan wani dattijo mai suna Stu Hart, wanda ya fara da kokawa, ya koma mai shirya wasa da kamfaninsa na kansa.

An haife shi ran 3 ga Mayu 1915 a garin Saskatoon, cikin talauci irin wanda ba a ko son tunawa. Yana yaro iyalinsu suka zauna cikin tanti a karkarar lardin Alberta, inda sanyin hunturu ke daskarar da ruwa ya zama dutse. A 1928 hukuma ta kama ubansa, aka kwashe sauran iyalin zuwa birnin Edmonton, kuma a can ne ya shiga kulob ɗin samari na YMCA ya koyi kokawa ta gaske, wadda ba shiri a cikinta. Tsofaffin 'yan kokawa suka riƙa murɗe shi suna lanƙwasa masa gaɓoɓi har ya ƙware, ya zama zakaran Kanada a ajin nauyinsa a 1940. Ya sa rai da wasannin Olimfik na wannan shekara, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka fasa su. Ya yi aikin sojan ruwa, da aka gama yaƙi ya nufi New York a 1946 ya shiga kokawar kuɗi a hannun wani mai shirya wasa, Toots Mondt. A nan ya haɗu da Helen Smith, suka yi aure a ranar ƙarshe ta 1947.

Bai daɗe ba ya gane cewa ɗan kokawa ɗan ƙodago ne, mai fage shi ke da riba. Saboda haka a 1948 ya kafa kamfaninsa a Edmonton, wanda bayan sauye-sauyen suna ya zama Stampede Wrestling, da cibiyarsa a birnin Calgary. A wancan zamani masu shirya kokawa sun raba Amurka da Kanada yanki-yanki, kowa da gonarsa, ba mai shiga ta wani. Rabon Stu Hart shi ne Alberta da Saskatchewan da wani sashe na jihar Montana, ƙasa mai faɗi ƙwarai amma mutane kaɗan. Watau kowane mako sai a cusa ƙarti cikin mota, a yi tafiyar ɗaruruwan mil bisa ƙanƙara, a yi wasa, a kwana a hanya, ran Juma'a da dare a dawo zauren Victoria Pavilion na Calgary a yi wasan da ake ɗauka don talabijin, wani ɗan jarida Ed Whalen yana sharhi.

A 1951 ya sayi wani katafaren gida mai ɗaki 22 a kan tudu a gefen Calgary. A ƙarƙashin gidan akwai wani ɗan ɗaki mai gajeren rufi da shimfiɗa a ƙasa, wanda almajiransa suka laƙaba wa suna Kurkuku. Duk ƙaton da ya zo yana fankama wai yana son sana'a, sai dattijon ya ce ya miƙo hannu ya nuna masa wani ɗan kamu. Iyalin gidan sun sha ba da labarin yadda suke jin ihun manyan mutane daga sama suna cin abinci. Mutanen da suka bi ta wannan ɗaki sun haɗa da Superstar Billy Graham da Greg Valentine da Jim Neidhart da Brian Pillman. Gidan kansa ma abin kallo ne, don har wata dabbar beyar da ake kokawa da ita, mai suna Terrible Ted, ta taɓa zama a ƙarƙashin barandarsa.

Wasu na cewa mugunta ce kawai. Ni a ganina akwai mugunta a ciki, amma akwai lissafi. Mutumin da zai ɗaga abokin wasansa sama ya maka da ƙasa, ran abokin nan a hannunsa yake, kuma wanda bai taɓa jin zafi ba bai san inda ake tsayawa ba. Stu Hart ba shi da kuɗin da zai riƙe manyan taurarin Amurka, saboda haka sai ya ƙera nasa. Jarinsa mutane ne. Da wannan dabara ƙaramin kamfani ya fito da salon kokawa mai sauri da tsanani, musamman bayan zuwan wani siririn saurayi daga Ingila, Dynamite Kid, a 1978. A fagensa ne kuma aka fara wasan tsani a 1972, inda ake rataye abin da ake takara a kai a sama, kowa ya yi ƙoƙarin hawa ya ɗauko.

Mafi arahar jarin kuwa a cikin gida yake. Allah ya ba shi 'ya'ya 12, maza 8 mata 4. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mazan duk sun shiga sana'ar, wani a fage, wani alƙalin wasa, wani mai tsara labari, matan kuwa su huɗu duk 'yan kokawa suka aura. Helen, wadda ba ta taɓa ɓoye ƙyamarta ga sana'ar ba, ita ce ke riƙe da littafin kuɗi.

Sai ga 1984. Vince McMahon, wanda ya sayi WWF daga hannun ubansa a 1982, ya ce shi bai san wata iyakar gona ba, ya shiga bin yankuna da talabijin da kuɗi, wanda ya sayar a saya, wanda ya ƙi a murƙushe shi. Lokacin Stu Hart yana gab da shekara 70, kuma hukumar wasanni ta Calgary ba ta daɗe da dakatar da shi ba saboda wata hatsaniya da ta ɓarke a zauren wasa a ƙarshen 1983. Ya sayar. Abin da aka ruwaito shi ne dala miliyan 1, a biya cikin shekara 10, tare da alkawarin ɗaukar ɗansa Bret da Dynamite Kid da surukansa biyu, Jim Neidhart da Davey Boy Smith. Ba a yi nisa ba yarjejeniyar ta wargaje, biya ya tsaya. A 1985 iyalin suka sake buɗe Stampede, amma taurarin sun riga sun tafi, a ƙarshen 1989 aka rufe.

A nan ne nake ganin dattijon ya yi kuskuren lissafi, ko kuwa dai ba shi da zaɓi. McMahon bai damu da sunan kamfanin ko tsohuwar motarsa ba. Lokacin talabijin yake so, da mutanen da aka ƙera a Kurkuku. Su kuwa sun tafi ba dawowa, kuma daga ranar abincin gidan Hart ya koma hannun wani.

Da fari abin ya yi kyau. A 1992 Bret da Davey Boy suka kara a filin Wembley na Landan gaban mutum wajen 80,000, kuma a Oktoban shekarar Bret ya ci kambun WWF, a Saskatoon, garin da aka haifi ubansa. A Yulin 1997 WWF ta kawo babban wasa Calgary, aka tashi da 'ya'ya da jikoki cike da fage, tsohon yana tsakiyarsu. Bayan wata 4, ran 9 ga Nuwamba, a birnin Montreal, McMahon ya sa aka kaɗa ƙararrawa aka ƙwace kambun daga Bret saɓanin abin da aka shirya da shi, domin yana shirin komawa kamfanin WCW. Ga shiri cikin shiri ke nan.

Mafi muni ya zo ran 23 ga Mayu 1999 a Kansas City. Aka ce autan gidan, Owen, ya sauko fage daga rufin zaure da igiya, sanye da kayan barkwanci. Maƙalin ya kwance, ya faɗo daga tsawon ƙafa 78, ya mutu yana da shekara 34. Aka ɗauke shi, aka ci gaba da wasa. Owen gwani ne da ba ya bukatar igiya kafin ya burge 'yan kallo, kuma duk horon da ubansa ya ba shi na yadda ake faɗuwa bai da amfani a wannan tsawo. Matarsa Martha ta kai ƙara, Stu da Helen suna cikin masu ƙarar, sai gida ya rabu biyu, domin wasu daga cikin 'ya'yan suna duban aikin mazajensu a kamfanin da ake ƙara. A 2000 aka sasanta a kan dala miliyan 18.

Helen ta rasu a Nuwamban 2001, shekarar da aka rataya wa mijinta lambar girmamawa ta ƙasar Kanada saboda hidimarsa ga wasanni da taimakon ƙungiyoyin agaji. Davey Boy Smith ya bi ta a 2002 yana da shekara 39. Stu Hart ya mutu ran 16 ga Oktoba 2003, yana da shekara 88, a shekara mai bi aka sayar da gidan. A 2010 kamfanin McMahon, wanda ya koma WWE, ya sa sunansa cikin jerin gwarzayensa, 'ya'yansa suka hau dandamali suka karɓa a madadinsa.