Tukunyar Tururi Ba Abin Wasa Ba Ce, Amma Kada A Hana Yara Koyonta

Kwanan baya aka kawo mana ƙarar wani yaro na wata makaranta a ƙasar Isa. Laifinsa kuwa shi ne ya samo tsohuwar tukunyar gas, ya kai wa mai walda ya liƙa mata bututu, ya gina mata murhu na laka, da nufin ya juya wani ɗan inji da tururi, ya riƙa jawo ruwa a fadamar ubansa. Malaminsa ya ƙwace tukunyar, ya kuma nemi a hana irin wannan aiki ɗungum. Mu a ganinmu ƙwacewar daidai ce, amma hanawar kuskure ce, kuma ga dalilinmu.

Ƙasar Gobir ba baƙuwar wuta da ƙarfe ba ce. Tun zamanin Alƙalawa maƙeranta ke zuga gawayi suna ƙera garma da takobi. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, fataken Isa da Sabon Birni suka ga yadda ruwa da wuta kaɗai ke jan taragu cike da gyaɗa. Yau kuwa ga ruwa kwance a Bunsuru da Rima, ga man fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati a 2023. Yaron da ya dubi wannan ya ce bari ya gwada kara da ɓawon gyaɗa a maimakon fetur, ai ba shashasha ba ne. Gaskiya ne ƙaramin injin tururi yana cin makamashi da yawa ya ba da ƙarfi kaɗan, famfo mai aiki da hasken rana ya fi shi amfani ga manomi. Amma wanda ya ƙera injin tururi da hannunsa ya koyi awo, da lissafi, da halin ƙarfe, irin koyon da allo kaɗai ba ya bayarwa.

To, ina haɗarin yake? A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma lita 1 takan zama tururi wajen lita 1,700. In aka toshe tukunyar har matsi ya kai ninki 10 na matsin iskar sarari, ruwan ba zai tafasa ba sai wajen digiri 180. Watau ƙarfen ne kaɗai ke danne shi. Ran da ƙarfe ya tsage, sai ruwan nan ya yunƙura ya zama tururi farat ɗaya, ya watsa tukunya da murhu da wanda ke tsaye kusa.

Turawan da suka riga mu wannan sana'a da rayuka suka sayi iliminta. A 1803 tukunyar wani injin Richard Trevithick ta fashe a Ingila, ta kashe mutum 4. A 1865 tukwanen jirgin ruwan Sultana suka fashe a kogin Misisifi na Amurka, fiye da mutum 1,000 suka halaka. A 1905 kuma tukunyar wata masana'antar takalma a garin Brockton ta kashe mutum 58, abin da ya tilasta aka kafa dokoki masu tsanani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka muna ba da shawara kada a hura wuta ƙarƙashin kowace tukunya a makaranta sai an cika sharuɗɗa. Na farko, kada a yi ta da gwangwani, ko duro, ko tsohuwar tukunyar gas, domin ba don zama kan wuta aka yi su ba, kuma ragowar gas na iya tashi da mai walda tun kafin a je ko'ina. A nemi siririn bututu mai kauri, gama in aka ninka faɗin tukunya, an ninka wahalar da bangonta ke sha. Na biyu, a sa mata ƙofar tsira, wadda ke buɗe kanta in matsi ya wuce iyaka. Denis Papin, mutumin Faransa, ya ƙago ta tun wajen 1679, kuma ba a taɓa ɗaure ta ko a danne ta da dutse. Na uku, a sa agogon awon matsi da gilashin ganin ruwa, domin ƙarfen da ruwa ya janye daga kansa yakan yi ja ya yi laushi. Na huɗu, a tace ruwa, a riƙa wanke ciki, don ruwan gulbi yana barin ƙanzo, ƙanzo kuwa yana hana ruwa sanyaya ƙarfe.

Shi ma murhun yana da ladabinsa. A ba shi hanyar iska ta ƙasa da bututun hayaƙi ta sama, a yi shi yadda za a iya janye wutar cikin ƙiftawar ido, a fili, ba cikin ɗaki ba. Fetur kuwa kada ya kusance shi.

Babban sharaɗi shi ne gwaji da ruwan sanyi. A cika tukunya maƙil, a fitar da iska duka, a matsa da famfon hannu har ninki ɗaya da rabi na matsin da za ta yi aiki da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar tururi, don haka in akwai rauni sai dai ya yi tsartuwa, ba wanda zai ji ciwo. Tukunyar da ta yi yoyo a gwaji, guduma ce rabonta.

Muna roƙon hukumomin ilimi da sarakunanmu na Isa da Sabon Birni su haɗa malamin kimiyya da maƙeri da mai walda a rumfa guda, makarantun horon malamai kuma su koyar da wannan gwaji, kuma injiniya masani ya duba kowace tukunya kafin ta ga wuta. In muka ce hani kawai, yaro zai koma bayan gida ya yi a ɓoye, ƙannensa na kewaye da shi suna kallo, can kuwa ba agogo, ba ƙofar tsira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kiyashe mu da 'ya'yanmu, amin.