Yoga da maganin Gwaggo



A hutun da ya wuce Gwaggona ta ga wani bidiyo a waya. Wani mutum ne zaune ya harɗe ƙafafu, idonsa a rufe, yana cewa duk mai yin yoga da zaman natsuwa kullum ba ya bukatar asibiti. Gwaggo tana da hawan jini da ciwon baya, kuma ta gaji da shan ƙwaya. Nan take ta ce ita ma ta daina. Hankalina ya tashi, shi ya sa da muka dawo makaranta na roƙi malamin kimiyya muka bincika tare.

Yoga dai daga Indiya ta samo asali, ta haɗa miƙe jiki da sarrafa numfashi. Shi kuwa zaman natsuwa, mutum ne zai yi shiru ya tattara hankalinsa wuri guda. Majalisar Ɗinkin Duniya har ta ware 21 ga watan Yuni a matsayin ranar yoga. Amma ware wa abu rana ba ya nuna yana magani. Wasu kuma na tambaya ko tana da alaƙa da addinin Hindu. Wannan na bar wa malaman addini, ni kan lafiya nake magana.

Malam ya ce masana ba sa yarda da "na gwada na ji daɗi". Raba mutane suke yi gida biyu, ɗaya ya yi abin, ɗaya bai yi ba, sannan a kwatanta. A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun tattara gwaje-gwaje 47 irin wannan, masu mutum sama da 3,500. Sun ga zaman natsuwa yana ɗan rage damuwa da ɓacin rai da jin ciwo. Ɗan ragewa fa. Kuma ba su ga ya fi magani ko motsa jiki ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Birtaniya, domin a kan sa'o'inmu aka yi shi. An koya wa yara 'yan shekara 11 zuwa 14 zaman natsuwa a aji, aka kwatanta su da waɗanda aka yi wa darasin da aka saba. Yara sama da 8,000 ne. Da sakamako ya fito a 2022, lafiyar tunaninsu ba ta fi ta sauran ba, kuma da yawansu ko gwadawa ba su yi a gida ba. Ban ga laifinsu ba. Ni ma na gwada minti goma, na ƙare ina tunanin ƙosan da zan saya lokacin tara.

To ina batun Gwaggo? A ciwon baya tana da gaskiya. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai iya gwadawa. A shekarar ne kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta ƙasar ta ce ana iya ƙara zaman natsuwa a kan magani, amma ba a ajiye magani dominsa ba. Ga shi hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi.

Saboda haka a ganina mai bidiyon nan ya ɗauki gaskiya 'yar ƙarama ya hura ta kamar balan-balan, kuma idan wani ya faɗi ba shi zai yi jinya ba.

Na je na karanta wa Gwaggo abin da na rubuta. Ta ce, "Yanzu ɗan da na goya ne zai koya mini?" Sai da Baba ya sa baki ta yarda ta koma shan maganinta. Miƙe bayan kuwa tana yi da safe a kan tabarma, kuma ta ce ranar Talata za ta gaya wa likitanta.