Daga Lamborghini zuwa Sharon: Wa ke duba gilashin gaban motocin Titin Bauchi?

Injiniyoyin da suka zana Ferrari da Lamborghini a Italiya ba su taɓa kawo Titin Bauchi na Jos a ransu ba. Titi ne na tireloli da tifofin yashi, da Sharon da Vectra da Hiace masu lodi a tashar Bauchi, da 'yan Keke da ɗaliban Jami'ar Jos da ke tsallaka kwalta safe da yamma. Duk da haka, jefi-jefi, lokacin bikin 'ya'yan manya ko hutun ƙarshen shekara, akan ga ɗaya daga cikin motocin nan na kece raini tana rarrafe a cikin cunkoso, cikinta bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, yara na binta da ido.

Irin wannan mota, abin da ta fi tsoro a hanya bai wuce tsakuwa ba. Gajeriya ce ƙwarai, gilashinta na gaba kuma faffaɗa ne, a kishingiɗe, daidai tsayin da tayar tifa ke watso duwatsu. Tsakuwa guda da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta isa ta yi masa tauraro. Daga nan sanyin asubahin Jos da zafin ranar tsaka za su ƙarasa aikin, tsagewar ta riƙa tafiya a hankali har ta ratsa gaban direba.

A nan ne mai motar zai gane abin da ya saya. Babu shagon da zai shiga a Dilimi ko Farar Gada ya tarar da wannan gilashi a jingine. Sai an aika da lambar jikin motar zuwa Turai ko Dubai, a biya dubban daloli, a ƙera wa gilashin akwatin katako, a ɗora shi a jirgin sama, a bi ta hannun kwastan, sannan a yi addu'ar kada ya tsage tsakanin filin jirgi da gareji. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan Naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024, don haka kuɗin gilashin kaɗai na iya sayen motar haya. Idan ya iso, saura mai sakawa. Jikin irin waɗannan motoci na alminiyam ne ko zaren kabon, kuma wuƙar da za ta kauce ta karce bakin firam na iya jawo asarar da ta fi ta gilashin. Wasu ma gilashinsu na musamman ne: motar Ford GT ta 2017 da Gorilla Glass aka yi nata, dangin wanda ke fuskar wayoyin hannu, domin a rage mata nauyi.

Babu wanda zai zubar wa mai Lamborghini hawaye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma mai irin wannan hali yana iya ɗora motar a tirela zuwa Abuja ko Legas, ko ya biya wa gwani kuɗin jirgi daga waje. Abin da ya sa labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, duk abin da ya sa gilashinsa ke da wuyar sauyawa ya riga ya gangaro cikin motocin talakawa, alhali masu aikin gilashi na gefen hanya ba a ba su ko ɗaya daga cikin kayan aiki da ilimin da sauyin ke buƙata ba.

Mutane da yawa na ɗaukar gilashin gaba a matsayin taga mai tare iska da ƙura. A zamanin Peugeot 504 akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato, domin roba ce ke riƙe da gilashin, kuma mai sakawa da igiya yake zura shi, yaro na dannawa daga waje. Motocin yanzu kuwa da gam mai ƙarfi ake manne gilashin da jikin mota, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙanta. Idan mota ta wuntsila, yana cikin abin da ke hana rufi ruftawa a kan mutane. Idan aka yi karo, jakar iskar da ke gaban fasinja a motoci da yawa gilashin take fara duka, shi ne ke tokare ta ta juyo ta tare ƙirjin mutum. In gam ɗin bai kama ba, jakar za ta ture gilashin waje, ita ma ta bi shi, fasinja ya haɗu da ƙarfe.

Shi kansa gilashin falle biyu ne, da siririyar leda a tsakani, dabarar da wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Édouard Bénédictus, ya yi wa rajista tun 1909. Ledar ce ke sa idan ya fashe ya yi saƙar gizo ya tsaya a wurinsa, maimakon ya tarwatse a fuskar direba, kuma ita ce ke tare wanda bai ɗaura bel ba daga fita ta gaba. Gilasan gefe galibi iri ne daban, gasassu, masu rugurgujewa kamar gishiri. Kowanne da aikinsa, kuma ba a musanya su.

To, yaya ake aikin a gefen titi? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu gilashi a Jos, ko Kano, ko Kaduna, ya san hannunsu na da kyau. Mutum zai yanke tsohon gilashi da waya cikin 'yan mintuna ba tare da ya taɓa fenti ba. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ido ba ya gani. Ana goge tsatsar da ke bakin firam kafin a shafa gam? Ana shafa ruwan share fagen da ke sa gam ɗin ya kama ƙarfe da gilashi? Gam ɗin na mota ne, ko kuwa wanda ake liƙe tagar alminiyam ta gida da shi ne, saboda ya fi arha? Kwanan watan da ke jikin kwalin bai wuce ba? Mai mota ba ya tambaya, domin awonsa ɗaya ne: kada ruwan sama ya shigo.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanci Jos. Gam ɗin gilashin mota da laimar da ke cikin iska yake bushewa, sanyi da busasshiyar iska kuwa na jinkirta shi. Garin da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda hunturun Disamba da Janairu ke tsattsage leɓe, shi ne wurin da ya fi buƙatar a bar mota ta huta bayan an saka mata gilashi. Amma direban haya da layinsa ya zo a tasha ba zai kwana yana jiran gam ba. Za a liƙa masa salatif a kusurwa huɗu, ya ɗebi fasinja ya nufi Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo, yana shiga ramuka da gilashin da bai gama zama ba. Yawanci babu abin da ke faruwa, kuma wannan ne ya sa al'adar ta zauna daram. Ranar da abin zai faru, babu mai binciken da zai rubuta cewa gam ne ya kashe mutum. Za a ce gudu ne, ko taya, ko ƙarar kwana.

Sai kuma sabon baƙo, wato kyamara. A 2016 kamfanonin motoci 20 suka yi wa hukumomin Amurka alƙawarin cewa zuwa 2022 kusan duk sabuwar ƙaramar mota za ta zo da burkin da ke taka kansa idan ta hango karo. Tarayyar Turai ta wajabta irin wannan a kan sababbin motoci daga Yulin 2024. Idon waɗannan na'urori, a mafi yawan motoci, wata 'yar kyamara ce da ke manne a saman gilashin gaba, bayan madubi. Ita ke karanta layin titi da tazarar motar da ke gaba. Da zarar an sauya gilashi, wajibi ne a sake saita ta da kwamfuta da allunan awo, a fili mai daidaitaccen daɓe, domin karkatar da ido ba zai lura da ita ba a gareji tana zama mita da yawa a can nesa kan hanya. Kyamarar da ba a saita ba tana iya taka burki babu dalili, ko ta yi shiru lokacin da ake buƙatarta.

Corolla da Camry na 2018 da ke shigowa daga Amurka suna ɗauke da wannan kyamara, kuma da yawansu motocin da suka yi haɗari ne aka saya a gwanjo, gilashinsu na cikin abin da ake fara sauyawa kafin a kai su kasuwa. Motar da Bature ke hawa a yau ita ce 'yar Beljiyam ta gobe, jibi kuma ita ce za ta yi lodi a tashar Bauchi. Maganin da aka saba yi idan fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba sananne ne: a cire wayar, ko a rufe fitilar da baƙin salatif.

Ina hukuma a cikin wannan? Abin mamaki, gwamnati ta damu da gilashin mota ƙwarai, sai dai damuwarta a kan launi ta tsaya. Tun dokar soja ta 1991 ake kai ruwa rana a kan baƙin gilashi, kuma a 2025 rundunar 'yan sanda ta dawo da takardar izinin amfani da shi, har Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta garzaya kotu. Dalilin tsaro da ake bayarwa ba abin rainawa ba ne, musamman a gari irin Jos da ya ɗanɗana tashin bama-bamai. Amma jami'in da zai tsayar da mota ya leƙa duhun gilashin gefe ba ya duban kusurwar gilashin gaba, inda ake buga shaidar inganci: harafin E a cikin da'ira na ƙa'idar Turai, ko DOT da AS1 na Amurka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na cin tarar mai tuƙi da fasasshen gilashi. Wanda ya sauya fasasshen da jabu, mai murguɗa hasken fitilun da ke tahowa da dare, ya wuce shingen lafiya.

Inshora ma ba ta kai ga wannan gurbi ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motocin gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, 'yan sanda kuma suka fara tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Wannan inshora ɓarnar da mutum ya yi wa wani take biya, ba ruwanta da gilashin mai ita. Cikakkiyar inshora kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota a shekara. A ƙasashen da kamfanin inshora ke biyan kuɗin gilashi, shi ne ke tilasta wa gareji bin ƙa'ida, domin shi zai yi asara idan aiki ya lalace. A nan direba ne ke biya daga aljihunsa, kuma aljihu arha yake nema.

Za a iya cewa wannan duk zancen masu ƙoshi ne, direban da ke fama da kuɗin mai tun bayan cire tallafi ba shi da sararin zaɓen gam. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a kan titi ya kamata a nemi gyara ba. Duk sabuwar dokar da aka miƙa wa masu shinge takan rikiɗe ta zama kuɗin goro. Wurin da za a tare jabun gilashi da gam da ya lalace shi ne tashar jiragen ruwa da manyan shagunan dillalai, kuma aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ne, SON, wadda ke da hurumin tantance abin da ake shigowa da shi. Dillalan da ke kawo gilashi kwantena-kwantena ba su kai yawan direbobi ba, kuma an san inda suke.

Akwai lokacin da ƙasar nan ba ta jiran jirgi kafin ta samu gilashin mota. Sa'ilin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ke kan ganiyarsa, Steyr na haɗa manyan motoci da taraktoci a can ƙarshen wannan titi, a Bauchi, a Ibadan ake ƙera gilashin gaba da batir da takalmin burki. Yawancinsu sun bi ruwa. Farfaɗo da su magana ce mai tsawo, kuma an sha jin alƙawarinta.

Horar da masu sakawa kuwa ba ya buƙatar jiran masana'anta. Hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikata na Ƙasa, ITF, wanda aka kafa a 1971 domin koyar da sana'a, a cikin Jos take, tafiyar 'yan mintuna a mota daga garejojin Titin Bauchi da Farar Gada. Ƙungiyar makanikai ta NATA na da rassa da shugabannin da mambobi ke jin maganarsu. Kwas na mako biyu a kan goge firam, zaɓen gam, lissafin lokacin bushewa a hunturu da damina, da cike ƙaramin tauraro da ruwan gam kafin ya zama tsagewa, bai fi ƙarfin kasafin kowace hukuma ba. Na'urar saita kyamara ta fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiya ba. Guda ɗaya a rumfa mai daɓen siminti, ana biyan kuɗin amfani da ita, za ta wadaci garejoji da dama, kuma gwamnatin Filato na iya ba da filin da rancen sayenta.

Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ke rubuta sunan kowace mota kafin ta yi lodi a tashar Bauchi, ita ma tana da abin yi da ba ya cin ko sisi: motar da aka saka wa gilashi yau, a ajiye mata layinta zuwa gobe.