Turai: Kamfanoni na cin shari'a bayan ciniki ya riga ya watse

A watan Satumban 2024 Kotun Ƙolin Tarayyar Turai da ke Luxembourg ta yanke hukuncin cewa Hukumar Tarayyar ba ta da hurumin binciken cinikin da kamfanin Illumina na Amurka ya yi na sayen kamfanin Grail. Hukuncin ya sa Hukumar ta janye tarar euro miliyan 432 da ta ci Illumina a 2023, saboda ya kammala cinikin ba tare da jiran izininta ba.

To amma nasarar ta zo a makare. Watanni kaɗan kafin hukuncin, a Yunin 2024, Illumina ya riga ya rabu da Grail, sakamakon matsin lamba daga Brussels da kuma hukumomin Amurka.

Grail dai yana ƙoƙarin samar da gwajin jini ne mai gano cutar kansa tun da wuri, kuma abokan gogayyarsa sun dogara da na'urorin Illumina. Fargabar Hukumar ita ce Illumina ya toshe musu hanya. Sai dai Grail ba shi da wani ciniki a Turai a lokacin, kuma a kan wannan gaɓa ce Hukumar ta sha kaye.

Ba wannan ne karon farko ba. A 2013 Hukumar ta hana kamfanin jigilar kaya na UPS sayen TNT na ƙasar Holland. UPS ya ɗaukaka ƙara, kuma kotu ta soke haramcin a 2017, bisa dalilin cewa Hukumar ta sauya tsarin lissafin da ta yi hukunci da shi ba tare da ba kamfanin damar kare kansa ba. Amma tun a 2016 babban abokin hamayyarsa, FedEx, ya saye TNT. Da UPS ya koma neman diyyar kimanin euro biliyan 1.7, kotun ta yi watsi da buƙatar a 2022.

A ƙa'idar kotunan Turai, wanda ya faɗi shari'a shi ke biyan kuɗin shari'ar wanda ya yi nasara. Sai dai abin da ake mayarwa shi ne wanda kotu ta ga ya zama dole a kashe, ko da lauyoyi sun karɓi fiye da haka. Kamfanin yawon buɗe ido na Airtours na Birtaniya, wanda ya kayar da Hukumar a 2002, ya nemi kusan fam miliyan ɗaya da rabi, amma abin da aka ba shi bai kai rabin miliyan ba.

Hakan na nufin sai kamfani mai ƙarfin aljihu ne zai iya jure shekaru uku ko huɗu a gaban alƙalai, a kan cinikin da masu hannun jari ba za su jira ko da shekara guda ba. Ita kuma Hukumar tana da hujjarta: idan kowane kuskure zai jawo mata diyyar biliyoyi, to da wuya ta iya hana haɗewar da za ta cuci masu saye.

Bayan hukuncin Illumina, hankali ya koma kan dokokin ƙasashe ɗaiɗaiku. Italiya ta yi amfani da nata ikon ta miƙa wa Brussels cinikin Nvidia da Run:ai a 2024. Hukumar ta amince da cinikin, amma duk da haka Nvidia ya garzaya kotu a 2025 yana ƙalubalantar huruminta na duba shi.