Shawarar wata: injin ban ruwa ya ƙi tashi

Rani ya kama. A Gulbin Maraɗi da kwarin Maggiya masu lambu sun dasa albasa da tumatir. Albasa sabuwar dasawa ba ta jure kwana biyu ba ruwa. Mai lambu ya sammako, ya ja igiyar inji har kafaɗa ta yi ciwo, inji shiru. Makanike kuwa yana gari mai nisa.

Inji mai shan isansi abu 3 yake so: mai, iska da wuta. In ɗaya ya rasa, ba ya tashi. Sai mai lambu ya bi su da hankali.

Ya fara da abin da ido ke gani. Akwai mai a tanki? An buɗe makullin mai? An kunna makunni? Mutane da yawa sun ɗora inji bisa amalanke har gari, ashe makulli ne a rufe. In inji ya kwana ya yi sanyi, a rufe ɗan hannun toshe iska kafin a ja igiya, a buɗe shi da zarar ya tashi.

Sannan ya duba baƙin mai. Injuna da yawa na yanzu suna yanke wuta da kansu in baƙin mai ya yi kaɗan, ko in an aje su a karkace bakin rijiya. A gyara masa zama, a cika.

Sau da yawa rigima daga buji take. A kwance shi da kile. In ya jiƙe da isansi, mai ya yi wa inji yawa: a buɗe iska, a ja igiya sau 5 ko 6 ba buji, a shanya shi. In ya yi baƙi da hayaƙi, a goge da burushin ƙarfe. Ratar bakinsa milimita 0,7 zuwa 0,8 ce a irin ƙananan injunan nan, wato ba ta kai milimita guda ba. Don gwaji, a mayar masa da wayarsa, a jingina gindinsa ga ƙarfen inji nesa da ramin buji, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi ake nema. In babu, sai sabon buji. Mai lambu mai wayo yana aje guda cikin aljihu, tunda bai kai kuɗin zuwa gari ba.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Ta soso a wanke da sabulu, ta bushe, a ɗiga baƙin mai kaɗan a matse. Ta takarda a kaɗe ta kawai.

Saura isansi. Wanda ya yi damina cikin inji yana zama danƙo, ya toshe ƙaramar kafar karbiratar. Na kwalba kuma wani lokaci da ruwa ko yashi. Ƙarƙashin karbiratar akwai ɗan kusa: a kwance, tsohon mai ya zube cikin gwangwani, a zuba sabo ta tsumma mai tsabta. Ba a yin wannan aiki kusa da wuta ko taba.

In duk an yi haka bai tashi ba, ko igiya ta zo sako-sako ba nauyi, aikin makanike ne. In kuwa ya tashi, kada a bar shi yana gudu sai an cika cikin famfon da ruwa, don bushewa tana ƙone robar da ke tare ruwa.